Baƙin Faifan AC/DC: Waiwaye a kan Back in Black

A cikin faya-fayan da aka taɓa fitarwa a fagen kiɗan rok, ƙalilan ne suka taka matsayin da *Back in Black* na ƙungiyar AC/DC ya taka, faifan da aka saki a ranar 25 ga Yuli, 1980, wanda ake ƙiyasta cewa an sayar da kimanin kwafi miliyan 50 nasa a duniya, fiye da miliyan 25 daga ciki a Amurka kaɗai. Abin da ya sa wannan adadi ya cancanci nazari shi ne, faifan bai zo da sabon salo ba, baitocinsa ba su da zurfin da zai sa masana su duƙufa wajen sharhi, waɗanda suka yi shi kuma ba su taɓa iƙirarin cewa sun zo gyara duniya ba. Waƙoƙi goma ne, biyar a kowace fuska ta faifan garmaho, tsawonsu duka bai wuce minti 42 da 'yan daƙiƙu ba, kuma an gina su da kayan aikin da kowace ƙungiyar samari ke da su a wancan zamani: jita biyu, jitar bes mai kaurin amo, ganguna da murya. Amma shekaru arba'in da ɗoriya sun shuɗe, salo ya zo salo ya tafi, kaset ya kori garmaho, faifan CD ya kori kaset, intanet ta kori CD, shi kuwa wannan baƙin faifai yana nan ana saye ana saurare. Masu sukarsa a farkon lamari sun ɗauke shi hayaniya ce kawai, sai daga baya aka gane cewa ƙarfinsa ya fi dogara ga abin da makaɗan suka ƙi kaɗawa fiye da abin da suka kaɗa.

Rok mai tsauri, wato reshen kiɗan rok da ya bunƙasa a Ingila da Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1960, tushensa kiɗan bulus ne na baƙar fatar Amurka da rokanrol irin na su Chuck Berry da Little Richard, sai dai an ƙara masa nauyi ta hanyar matsa wa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, har sai amon jita ya yi kaushi ya fara tsagewa. Ginshiƙin wannan salo shi ne abin da makaɗan ke kira rif, gajeriyar gaɓar kiɗa da jita ke maimaitawa har ta zauna a kunne, ta yadda mai sauraro ke gane waƙar tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Zuwa 1980 manyan da suka kafa salon sun fara gajiya: Deep Purple ta watse tun 1976, Black Sabbath ta rabu da mawaƙinta Ozzy Osbourne a 1979, Led Zeppelin kuma ta rufe shafinta a ƙarshen 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarta John Bonham. A ɗaya gefen, matasan fank na Landan sun riga sun yi wa tsofaffin ƙungiyoyin nan tsiya, suna zarginsu da girman kai da jan waƙa guda har minti ashirin. AC/DC ba ta shiga wannan rigima ba, domin tun asali waƙoƙinta gajeru ne, marasa ado, irin waɗanda aka saba kaɗawa a mashayun unguwannin ma'aikata a Sidni da Melbon, inda mai sauraro ba ya jinkirin jifa da kwalba idan kiɗa ya gundure shi.

'Yan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, su suka kafa ƙungiyar a Sidni a 1973, shekara goma bayan iyayensu sun yi ƙaura da su daga Gilasgo ta Sikotilan zuwa Ostiraliya, kuma yayansu George, wanda ya yi suna a ƙungiyar Easybeats, shi da abokin aikinsa Harry Vanda suka tsara musu faya-fayansu na farko. Mawaƙinsu Bon Scott, shi ma ɗan ƙaura daga Sikotilan, ya girme su nesa, yana da murya mai shaƙiyanci da iya sarrafa zance mai harshen damo, kuma da shi suka yi *Highway to Hell* a 1979, faifan da ya buɗe musu kasuwar Amurka bayan shekaru suna zagayen ƙananan dandali. A ranar 19 ga Fabrairu, 1980, aka tarar da gawarsa cikin wata ƙaramar mota a unguwar East Dulwich ta Landan, bayan ya kwana a ciki sakamakon shan da ya yi a daren, kuma binciken hukuma ya danganta mutuwar da gubar barasa. Yana da shekara 33. An binne tokarsa a Fremantle, a yammacin Ostiraliya, inda iyayensa suka ƙarfafa wa 'yan'uwan biyu gwiwa da su ci gaba, kuma kafin wata biyu su cika sun ɗauki Brian Johnson, mutumin yankin Newcastle da ya taɓa ɗanɗana suna a ƙungiyar Geordie kafin tauraruwarta ta dushe, har ya koma sana'ar lulluɓe rufin motoci da leda. Scott da kansa ya taɓa ganin Johnson a dandali ya kuma yaba shi a gaban abokansa, abin da ya sauƙaƙa wa ƙungiyar zaɓin.

Daga rasuwar Scott zuwa fitowar faifan wata biyar ne da 'yan kwanaki. An naɗi sautin cikin watannin Afrilu da Mayu a ɗakin naɗar sauti na Compass Point da ke Nassau a tsibiran Bahamas, wanda Chris Blackwell mai kamfanin Island ya gina, kuma isarsu ta zo daidai da wani yanayi na hadari da iska mai ƙarfi da ya riƙa dagula wutar lantarki. Furodusan aikin, wato mutumin da ke tsaye a kan yadda kowace waƙa za ta kasance kafin ta hau faifai, shi ne Robert John Lange, wanda aka fi sani da Mutt, haifaffen Mufulira a ƙasar da a yanzu ake kira Zambiya, wanda ya tashi a Afirka ta Kudu. Lange mutum ne mai tsananin bin diddigi, yakan sa mawaƙi ya maimaita layi guda sau da yawa har sai numfashinsa ya faɗa inda ya dace, kuma yana da kunnen mai tsara waƙoƙin rediyo, wanda ya san cewa amshi ne ke sayar da waƙa. Haɗuwar wannan hali da taurin kan 'yan gidan Young, waɗanda ba sa son ƙawa ko kaɗan, ita ta samar da ma'aunin da faifan ya tsaya a kai: Lange ya goge kaushin da zai hana gidajen rediyon Amurka sa waƙoƙin, amma bai samu damar goge wanda zai mayar da su wata ƙungiya dabam ba. Injiniyan sauti Tony Platt ne ya riƙe na'urori, kuma an kammala daidaita sautukan a ɗakin Electric Lady na birnin Niyok.

Waƙar da faifan ya ari sunanta, wadda ta buɗe fuska ta biyu, ita ta fi nuna yadda aka yi wannan gini. Tana farawa da ƙirga mai sauƙi, ɗan karce a kan tsirkiyar da aka danne da tafin hannu tare da bugun faifan ƙarfe na makaɗin ganga, sannan jita ta sauke damin sauti sau ɗaya ta yi tsit, ta sake saukewa sau uku a jere ta yi tsit, ta ƙara sau uku, kafin Angus ya cike ƙarshen gaɓar da 'yar gajeriyar gangara. Damin sauti uku ne kacal, irin waɗanda mai koyon jita ke iya riƙewa a watansa na farko, kuma saurin waƙar bai kai bugu 100 a minti guda ba, wato tafiyar ƙasaita take yi ba gudu ba. Abin da ke ba ta nauyi shi ne waɗannan giɓoɓi da ke tsakanin bugu da bugu, inda ba a jin komai sai ganga da amsa-kuwwar ɗakin, domin kunne ba ya auna ƙarfin sauti sai da shirun da ya gabace shi. Makaɗi mai ƙarancin haƙuri zai so ya cusa wani abu a wannan fili, kuma dubban ƙungiyoyin da suka kwaikwayi AC/DC a nan suke faɗuwa, suna kaɗa daidai abin da aka rubuta amma suna gaggawar isa ga bugu na gaba. Phil Rudd, mai ganga, da ƙyar yake yin wani juyi na nuna gwaninta a cikin waƙa sukutum, Cliff Williams mai bes kuma yakan tsaya a kan sauti guda yana maimaita shi na tsawon lokaci ba tare da ya gaji ba.

A nan ne ya kamata a ba Malcolm Young haƙƙinsa, domin idanun 'yan kallo kullum suna kan ƙanensa Angus, mai sanye da kayan 'yan makaranta, gajeren wando da hula, yana zarya a dandali da jitarsa ƙirar Gibson SG. Malcolm yana can baya kusa da ganguna, ba ya matsowa gaba sai lokacin amshi, riƙe da tsohuwar jitarsa ƙirar Gretsch wadda ya ciccire wasu daga cikin na'urorin ɗaukar sautinta ya bar ramukan a buɗe, ya ɗaura mata tsirkiya mai kauri, yana bugunta da ƙarfin damtse maimakon ya ƙure amfilifaya. Wannan ne ya sa idan aka kasa kunne da kyau za a tarar amon jitar faifan ya fi tsabta fiye da yadda ake zato, kowace tsirkiya ana jin ta ita kaɗai, kuma kaushin da ake ji daga hannu yake fitowa ba daga na'ura ba. An kuma raba jita biyun, ɗaya a lasifikar hagu ɗaya a ta dama, suna kaɗa kusan abu guda amma ba daidai wa daida ba, kuma wannan ɗan bambanci shi ke sa sautin ya yi faɗi. Matsayinsa a ƙungiyar tamkar na ginshiƙin soro ne, wanda baƙo ba ya kallo sai ranar da ya tsage. Muryar Johnson, mai kaifi da tsananin tsawo, wadda yake matso ta daga maƙogwaro kamar zai fasa shi, a kan wannan faffaɗan tushe take hawa, kuma da tushen ya cika da ado da ba ta samu wurin tsayawa ba.

Batun makoki ya fi wannan sarƙaƙiya. An yi bangon faifan baƙi ƙirin don alhinin Scott, kuma kamfanin faya-fayansu, Atlantic, bai so hakan ba, sai da aka daidaita a kan cewa za a zagaye harufan sunan ƙungiyar da siririn layi mai ruwan toka. Waƙar farko, *Hells Bells*, tana buɗewa da bugun ƙararrawa a hankali, irin wadda ake kaɗawa a cocin Turai idan an yi rashi, kuma samun wannan sauti ya ci wahala: an fara gwada naɗar ƙararrawar hasumiyar tunawa da mazan jiya da ke garin Loughborough a Ingila, amma duk lokacin da aka buga ta sai tsuntsayen da ke kwana a hasumiyar su tashi fir, fukafukansu su ɓata naɗin, don haka aka koma ga wata ƙararrawar tagulla mai nauyin kusan tan guda da maƙerar John Taylor ta garin ta zuba wa ƙungiyar, aka naɗe ta a cikin maƙerar. Daga wannan buɗewa mai nauyi, sai faifan ya juya ga abin da AC/DC ta saba, wato mata, shaye-shaye da kirarin kai. Akwai waƙa a ciki mai suna *Have a Drink on Me*, wadda ke gayyatar a sha, an kuma naɗe ta makonni kaɗan bayan barasa ta kashe mutumin da ake wa makoki. Magoya baya suna fassara wannan da cewa irin ta'aziyyar da Scott zai so ke nan, kuma akwai gaskiya a ciki idan aka yi la'akari da al'adar ma'aikatan Sikotilan da Ostiraliya ta raka mamaci da shagali, amma wannan uzuri bai rufe komai ba. Baitocin Johnson, waɗanda ya rubuta cikin gaggawa da fargabar sabon shiga, ba su da dabara da zolayar kai da ke sassauta na Scott, kuma yadda wasu waƙoƙin ke maganar mace, musamman *Givin the Dog a Bone*, bai wuce batsa tsirara ba. Wanda ya ce wannan faifai ba shi da aibu, bai saurari kalmominsa ba, ko kuma Turancin ne bai ji ba, kuma wataƙila rashin jin Turancin ya taimaka wa faifan a ƙasashe da yawa fiye da yadda ake tsammani.

Kasuwa ba ta yi jinkiri ba. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ya tsaya a na huɗu a jadawalin Billboard na Amurka, *You Shook Me All Night Long* kuma ta zama waƙarsu ta farko da ta shiga sahun arba'in na sama a can. Ganin haka sai Atlantic ta tono *Dirty Deeds Done Dirt Cheap*, tsohon faifai na zamanin Scott wanda ta ƙi fitarwa a Amurka a 1976, ta sake shi a 1981, ya kuwa kai matsayi na uku, sama da inda sabon ya tsaya. Adawa ma ta zo: a 1985 wata ƙungiyar matan manyan 'yan siyasar Washington, ciki har da Tipper Gore, ta fitar da jerin waƙoƙi 15 da ta ce sun fi kowaɗanne ƙazanta, kuma *Let Me Put My Love into You* ta wannan faifai tana ciki, daga wannan yunƙuri ne aka samu tambarin gargaɗin iyaye da ake liƙa wa faya-fayai a Amurka.

Gadon faifan ya rabu gida-gida, kuma ba duka rassan suka yi kama da uwar ba. Lange ya ɗauki darasin amshi mai faɗi da ganga mai tsawa ya kai wa ƙungiyar Def Leppard, inda ya tsara *Pyromania* a 1983 da *Hysteria* a 1987, ya riƙa jibga murya a kan murya har sautin ya zama santsi kamar gilashi, daga baya kuma ya kai wannan dabara cikin kiɗan ƙauyawan Amurka tare da Shania Twain. Wato reshen da ya fi kawo kuɗi ya ɗauki gogewar ya bar giɓin. Waɗanda suka fahimci giɓin kuwa daga wata unguwa dabam suka fito, domin masu kiɗan hip-hop na Niyok sun lura cewa rif mai tsayawa ya ba ganga fili abu ne da za a iya yanka a ɗora magana a kai; Beastie Boys sun yi haka a waƙarsu *Rock Hard* ta 1984 ba tare da izini ba, kuma AC/DC ta ƙi amincewa a sake fitar da ita ko da aka nemi hakan shekaru bayan nan. Rick Rubin, wanda ya kasance a tsakiyar wannan harka a kamfanin Def Jam, ya daɗe yana bayyana sha'awarsa ga tsarin AC/DC, har ya tsara musu *Ballbreaker* a 1995. Ita kanta ƙungiyar ba ta sake kai wannan mataki ba: *For Those About to Rock* na 1981 ya ba ta matsayi na ɗaya a Amurka karon farko amma bai daɗe a kunnen jama'a kamar wanda ya gabace shi ba, kuma da suka rabu da Lange suka tsara *Flick of the Switch* da kansu a 1983, ciniki ya ja baya sosai.

Wani sauyi da ya ƙara fito da darajar faifan ya faru ne a ɗakunan naɗar sauti tun daga shekarun 1990, lokacin da kamfanoni suka shiga gasar ƙure ƙarfin sauti, suna matse naɗi ta yadda wuri mai taushi da wuri mai ƙarfi za su zama kusan daidai, don waƙarsu ta fi ta maƙwabciya amo a rediyo. Sakamakon haka shi ne kiɗa mai ƙara amma marar naushi, wanda ke gajiyar da kunne cikin mintuna. Faifan 1980, da aka naɗa a kan tef ana barin ganga ta yi tsalle sama da sauran kayan kiɗa, sai ya zama ma'auni, har injiniyoyi da yawa suka mayar da shi abin gwajin lasifika da ɗaki kafin su fara aiki.

Sai dai wannan ɗaukaka ta zo da asara. Waƙoƙin sun fice daga faifan sun zama kayan amfanin yau da kullum: ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta St. Pauli a Hambug tana shiga fili da bugun ƙararrawar *Hells Bells*, fim ɗin *Iron Man* na 2008 ya buɗe da waƙar *Back in Black* a cikin ayarin motocin soja, kuma an ruwaito cewa sojojin Amurka sun riƙa sakin waƙoƙin ƙungiyar ta manyan lasifikoki a Falluja ta Iraƙi a 2004 don takura wa waɗanda suke yaƙa. Ƙararrawar da aka zuba domin mutum guda da ya mutu shi kaɗai a cikin mota ta koma alamar cewa wasa zai fara, kuma mafi yawan matasan da ke tsalle idan sun ji ta ba su san sunan Bon Scott ba. 'Yan gidan Young sun yi ƙoƙarin riƙe faifan a matsayin abu guda da ake saurare daga farko zuwa ƙarshe, shi ya sa suka daɗe suna ƙin sayar da waƙoƙinsu ɗai-ɗai a intanet, ba su shiga kantin iTunes ba sai a 2012, manhajojin saurare kai-tsaye kuma sai a 2015, bayan kusan duk takwarorinsu sun miƙa wuya. Tun daga lokacin, waƙoƙi uku ko huɗu ne ke ɗauke da mafi yawan masu saurare, *Shake a Leg* da ire-irenta kuma sun koma hannun masu bin diddigi.

Mutanen da suka yi aikin ma lokaci ya taɓa su. Malcolm ya ajiye jita a 2014 saboda cutar mantuwa, wadda ta kai shi ga sake koyon waƙoƙin da shi ya ƙirƙira kafin kowane wasa a zagayensa na ƙarshe, ya rasu a watan Nuwamba na 2017, ɗan yayansa Stevie Young ya gaji gurbinsa. Johnson ya dakata a tsakiyar zagayen 2016 bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurumcewa gaba ɗaya, Axl Rose na Guns N' Roses ya ƙarasa wasannin, sannan Johnson ya dawo da taimakon wata na'urar kunne aka fitar da faifan *Power Up* a 2020. A zagayen da ƙungiyar ta fara a Turai a 2024, daga cikin mutum biyar da suka shiga Compass Point, Angus da Johnson ne kawai suka hau dandali, kuma waƙoƙin faifan 1980 sun ci gaba da cin kaso mafi tsoka a jerin abin da suke kaɗawa kowane dare.